Ni na karya hannun Jummai, ƙanena ke ɗauke da laifin

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, sannu da aiki, ina kuma gaida masu karatu manya da yara. Don girman Allah ki rufa min asiri, ki cire sunana da lambata kafin ki saka wannan. Sunayen da za ku gani duk na canza su. Na san halin wasunku, ana saka labari ba ku kai tsakiya ba kun fara tsinuwa, to ina roƙo ku daure ku kai ƙarshe. Duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina, shawara nake nema. Rubutun sai haƙuri, a firamare na tsaya.

Ni bazawara ce, na haura arba'in, Allah bai ba ni haihuwa ba. Da aurena ya mutu na dawo gidanmu a wani ƙauye ta wajen Tsanyawa. Iyayenmu sun rasu, ƙanena Sale ne a gidan da matarsa Rabi da 'ya'yansu uku, ni kuma aka bar min ɗakin marigayiya Innarmu. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ranar kasuwa na kai, da shi nake rufa wa kaina asiri har na taimaka wa tukunyar gidan. Sale mutum ne mai zuciya, kuma gado ya yi, don babanmu da igiyar shanu ya raine mu, har yau akwai shatinta a cinyata. A wajenmu gonaki manne suke da juna, taku ɗaya ka shiga ta maƙwabci, to a kan iyakar gona Sale ya taɓa fasa wa wani kai da ƙotar fartanya, tun daga nan garin kowa ya san shi. A gida kuwa in ransa ya ɓaci duk abin da hannunsa ya samu da shi yake dukan yara. Abu ɗaya ne ba ya yi, ba ya tsallaka ƙofar ɗakina. Ni na goye shi yana jariri, Yaya yake ce min, kuma a tarbiyyarmu yaron da ya gudu ya shiga bayan babba ya tsira, ko ka fi kowa hauka ba ka finciko shi. Saboda haka yaran gidan sun san hanya, da sun ga idon ubansu ya kaɗa sai ɗakin Gwaggo, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa na ce, “Sale, in ka isa ka shigo.” Ya yi ta huci ya juya.

Wadda ta fi kowa sanin wannan hanyar ita ce Jummai, 'yar farinsu, shekarunta ba su wuce bakwai ba a lokacin. Yarinya ce mai baki kamar an jiƙa ta a ruwan surutu, in ina murza ƙuli-ƙuli ta zauna ta taya ni, ta murza ɗaya ta cinye biyu, na ce mata ɓera, ta ce ai ɓera a ɗakin mai gyaɗa yake kwana. Ina son ta, ku yarda ko kar ku yarda. Uwarta kuwa kunyar 'yar fari take mata, irin ta mutanen da. Ku 'yan birni da kuke saka hoton ɗan farinku a waya kuna kiran sunansa gatsal ba lalle ku gane ba. Rabi ba ta taɓa faɗin sunan Jummai ba, sai dai ta ce “ke” ko “waccan”. Ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta tare mata faɗa, ko kashe ta ake yi sai dai ta juya baya ta ci gaba da tankaɗe hawaye na zuba a cikin garin. Matar da ta buɗe baki ta kare ɗan farinta a gaban dangin miji, ta shiga bakin garin ke nan, a ce ba ta da kunya.

Sai shekarar nan ta zo da kwanon gero ya fi ƙarfin talaka, taki kuwa ko tambayar farashinsa mun daina. Mun koma ci sau ɗaya, wata rana rama da ƙuli kawai. Sale ya ɓoye ɗan irin gyaɗarsa a buhu yana jiran ruwa ya sauka. Wata rana da la'asar, hadari ya fara haɗowa, ya je ya ɗauko buhun ya tarar an huda shi ta ƙasa, ga ɓawon gyaɗa a bayan rumbu. Jummai ce, yunwa ce ta sa ta, ita da ƙannenta. Ina cikin ɗaki ina matsar mai, don a ciki nake yi saboda gudun ɓarnar kaji da awaki, na ji ya kwance igiyar akuya ya ninka ta. Na ji saukar igiyar a bayanta, na ji ihunta, na ji ta faɗi ta bugi turmin da ke tsakar gida, na ji ta tashi ta nufo ni da gudu. Robar man da na wuni ina matsa, wanda shi ne abincinmu na wannan makon, tana ajiye a bayan asabarin ƙofa. Jummai ta bankaɗe asabarin da hannayenta biyu, lafiyarsu ƙalau, da idona na gani, ƙafarta ta kwashi robar. Man ya malale a daɓe, ƙasa ta fara shanye shi ina kallo.

Muciya ce a hannuna. Ban san lokacin da na ɗaga ta ba, ko kuma na sani, tunda na zo faɗin gaskiya. Na farko ya same ta a kafaɗa. Ta ɗaga hannun dama ta kare kanta, na biyu ya sauka a kansa, na ji ƙara kamar an karya karan dawa busasshe. Kuna zaton na tsaya? Ban tsaya ba, na ƙara mata a gadon baya, a kan shatin igiyar ubanta. Ba ta yi ihu ba. Ta kalle ni daga ƙasa, mai duk ya ɓata mata zani, ta ce, “Gwaggo, ni ce fa.” Wai a zatonta ban gane ta ba ne. Yarinya ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago. Da na ɗago kai sai na ga Rabi a bakin ƙofa riƙe da gefen asabari, ashe wannan karon ta kasa daurewa ta biyo bayan 'yarta. Muka haɗa ido, ta saki asabarin ta koma.

Abin da na yi bayan nan ya fi dukan muni, don duka zuciya ce, wannan kuwa da hankalina na yi shi. Na durƙusa na kama fuskar Jummai na ce, “Faɗuwar da kika yi a kan turmi ce ta karya ki, kin ji ko? In kika ce ni ce, babanki zai yanka ni, 'yan sanda su tafi da shi, ku rasa mai noma muku.” Ta gyaɗa kai. Na watsa toka a kan man, na ɗauko ta na fito tsakar gida ina kururuwa yadda maƙwabta za su ji ta kan katanga, ina cewa, “Ka karya ta, azzalumi, hankalinka ya kwanta.” Sale ya kalli hannun da ke lilo, ya kalli turmin, igiyar ta faɗi daga hannunsa, ya zauna daɓas a ƙasa. Ko musu bai yi ba. Wa zai yi shakka? Ga igiya, ga shati a bayan yarinya, ga mutumin da ya taɓa fasa kan wani. Shi da kansa ya yarda shi ne.

Aka kira mai ɗori ya ja hannun ya ɗaure da karare, Jummai ta suma a cinyata. Hannun ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, dole aka kai ta asibitin cikin gari. A nan wata ma'aikaciyar jinya ta ɗaga rigarta ta ga bayan, ta ce ba za ta yi shiru ba, ta sanar da ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. Kafin su zo, labari ya kai ƙauyen su Rabi. Yayyenta maza biyu suka zo da gora, suka tarar da Sale a ƙofar gida, ba sallama suka rufe shi da duka. Ku tuna Sale ne fa, wanda mutum uku ba sa kayar da shi. Wallahi hannayensa ya mayar baya ya tsaya. Suka fasa masa baki, haƙori ya fita, suka kai shi ƙasa suna taka shi, wata gora ta same shi a kunne jini ya biyo wuyansa, har yau ba ya ji sosai da wannan kunnen. Mutane na janye su yana cewa, “Ku ƙyale su, haƙƙin Jummai ne.” Ni ina soro ina ihun a taimaka, ina dukan ƙirji, mata na riƙe ni suna cewa Allah sarki 'yan'uwantaka. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da gorar nan, tana bakina, na haɗiye ta.

Mun zaci motar 'yan sanda za ta zo a tafi da Sale, a kai Jummai gidan marayu a Kano. Sai ga ɗan acaɓa ya sauke wata mata siririya da jaka a kafaɗa, Malama Saratu daga ofishin walwalar. 'Yar ƙauye ce irinmu, daga gidajen Kiristocin da ke ta wajen Gezawa, ta san tuwon dawa ta san zaman tabarma. Ta sa aka kira mai unguwa, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ta ce kowa ya zauna har da mu mata. Ta fara da cewa, “Na ga bayan yarinyar nan, kuma ban zo na ce ba komai ba ne. In aka sake taɓa ta, da hukuma zan dawo, Malam Sale ka ji da kyau. Amma ban zo ɗauke ta ba. Gidan marayu akwai abinci, sai dai babu uwa babu gwaggo. Ku faɗa min abin da yake tafiya daidai a gidan nan, a kansa za mu ɗora.” Mai unguwa ya yi dariya ya ce, “Malama, an karya yarinya kina tambayar abin da yake daidai?” Ta ce, “Eh Baba, abin da ya lalace kowa ya gan shi, ɗayan nake nema.”

Ni a raina na ce wannan ba ta san aikinta ba, ko kuma an ba ta aikin ne don ba ta iya faɗa ba. Sai ga shi tana ta tono abubuwan da mu kanmu mun manta. Da tambaya ta gano Sale ba ya sa loma a baki sai yara sun ci, ta gano kekensa ya sayar da yunwa ta yi tsanani, ta gano shi ya sassaƙa wa Jummai 'yar ƙaramar fartanya yake saɓa ta a wuya zuwa gona. Ta tambaye shi, “Akwai ranar da ranka ya ɓaci har ka ɗauki igiya amma ba ka yi dukan ba?” Da kumburarren baki ya ce akwai, ranar da aka kira salla yana shirin dukan, ya tafi alwala, kafin ya dawo zuciyar ta sauka. Ta ce, “To ashe ka iya. Abin da ka taɓa yi sau ɗaya za ka iya maimaitawa.” A nan aka tsara, in ya ji abin ya taso masa zai fice daga gidan, ya yi alwala ko ya taka zuwa gona, igiyar kuma ya miƙa ta ga mai unguwa a gaban kowa. Ta yi alkawarin haɗa Rabi da ƙungiyar matan da ake ba irin shuka, kuma ta cika. Sannan ta yi tambayar da ta kashe ni. Ta ce, “In ana dukan Jummai, wajen wa take gudu?” Kowa ya juyo ya kalle ni. Mai unguwa ya ce, “Ai ga katangar gidan nan.” Sale ya ce, “Ba don Yaya ba da tuni na kashe wani a cikinsu.”

Malama Saratu ta juya ga Rabi ta ce, “Ke fa, me kika gani?” Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska. Mai unguwa ya ce, “'Yar fari ce Malama, ba za ta yi magana a kanta ba.” Ta ce ta sani, ita ma 'yar fari ce, za ta same ta su biyu. Ta kuwa same ta a madafa sun daɗe, ban san me suka ce ba, amma na san Rabi ba ta tona ni ba, don da aka tashi taron abin da aka yanke shi ne Jummai ta koma kwana da wuni a ɗakina har a ga kamun ludayin Sale. Aka ba kura ajiyar nama, aka kuma yi mata godiya. Na karɓi godiyar, har da cewa ai yi wa kai ne.

Yanzu damina ta wuce an yi girbi, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne aikin matar nan ya ci. Sale ya canza. Da idona na ga ƙanin Jummai ya saki tunkiya ta shiga gonar maƙwabci, aka kawo ƙara, jijiyar wuyan Sale ta miƙe, yaron ya riga ya ƙanƙame kansa yana jiran saukar duka. Sale ya juya ya fita bayan gida ya dinga naushin katanga har fatar yatsunsa ta sale, ya yi alwala da jinin da komai, ya dawo ya ɗauki yaron ya tafi ba maƙwabcin haƙuri. Da yamma ina ɗaure masa hannun ya ce min, “Yaya, kin san me yake tsayar da ni? Duk sanda hannuna ya tashi sai na ji ƙarar ƙashin nan a kunnena.” Wace ƙara ya ji? Yana tsakar gida, ni kaɗai na ji ta. Ya ɗauki ƙarar da ba tasa ba ya saka a kansa, yana azumi saboda ita, yana kuka a gaban liman saboda ita, ya rasa haƙori da kunne saboda ita. Ni kuma in na fita mata su ce ga Gwaggon Jummai, Allah ya ba mu irinki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jummai kuwa surutun nan ya mutu. Hannun ya haɗe amma a karkace, ba ta iya ɗaga ko ƙaramin tulu da shi. Ba abin da ban yi mata ba, na saya mata ɗan kunne, na yi mata kitso, ƙulin farko mai zafi nata ne. Ta karɓa da hannu biyu ta ce “na gode” kamar baƙuwa, ta kai wa ƙannenta. In na shigo ɗaki ta miƙe tsaye. In ubanta ya kira ta takan je, har na ga ta jingina da shi, shi kuma ya kasa kallon hannun. Malama Saratu tana zuwa lokaci lokaci, ta ja ta gindin darbejiya su zauna su biyu, ni ina leƙe ta kafar katanga, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Abin da yarinyar take faɗa mata ɗaya ne, wai Gwaggo tana ba ta ƙuli.

Ina jin matar nan ta fara shinshino wani abu. Zuwanta na baya ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado tana kallon ina suya, ta ce, “Likitan da ya duba Jummai ya ce min karayar ta fi kama da ta abin da aka sauke daga sama, ba ta faɗuwa ba. Malam Sale kuma ya ce shi igiya kaɗai ya sani.” Na ce ai mai zuciya ba ya sanin abin da ya yi. Ta ce haka ne. Sannan ta ce, “Yaya, kowa a gidan nan a kanki ya jingina. Ke a kan wa kika jingina? Wa yake tambayar ki yadda kika kwana?” Rabon da wani ya yi min irin wannan tambayar tun Innarmu na da rai, saura kaɗan na fashe. Ta ce, “Ni ba na zubar da mutum don ya faɗa min gaskiya. Malam Sale ma ban zubar da shi ba. Amma yarinyar ce a gaba da kowa.” Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ƙulla mata ƙuli a leda na ce ta kai wa yara. Ta karɓa, ta kalle ni ta tafi.

Ga inda maganar take yanzu. An sa ranar zama na ƙarshe, wanda Malama za ta duba ko ta rufe maganarmu. Ita ta faɗa ƙarara burinta Jummai ta koma ɗakin uwarta. Sale kuwa ya same ni ya ce a ranar zai sanar a gaban mai unguwa ya ba ni Jummai riƙo, halak malak, har na aurar da ita. Ya ce ni ban haihu ba, kuma ni na cece ta, shi kuma har yanzu bai yarda da hannunsa ba. Yana faɗa yana murna, a ganinsa babbar kyautar da zai iya yi min ke nan. Malama ta ce in dangi sun haɗu a kan haka kuma uwar ta yarda, ba za ta hana ba, za ta dai ci gaba da leƙowa. To wace uwa ce a garinmu za ta buɗe baki a gaban maza ta ce kar a ba yayar mijinta 'yar farinta? Rabi za ta ja mayafi, a ce shiru alamar yarda ce.

Sai dai Rabi ta yi abin da ban taɓa zato ba. Ina daka a tsakar gida ba kowa, ta zo ta kama tabaryar ta tsayar da ita. Tun ranar da abin ya faru ba mu sake haɗa ido ba. Ta ce, “Yaya, na yi shiru don kar ya kashe ki a ɗaure shi. Na yi shiru yayyena suna taka mijina. Amma in aka ce a ba ki Jummai, ki ce a'a.” Sunan ya fito daga bakinta da ƙyar kamar yana yankar harshenta, karon farko ke nan tun da ta haife ta. Ta saki tabaryar ta tafi.

Kullum lissafin da nake yi ke nan. In na ce a'a ba dalili, Sale zai ce me ya yi min, Malama kuma ba ta barin tambaya a rataye, za ta bi ta har gindinta. In na faɗi gaskiya, me zai faru da tubar Sale? Mutumin nan abin da yake riƙe hannunsa shi ne ya yarda shi ya nakasa 'yarsa. Ranar da ya ji ba shi ba ne, ya ji yayarsa da ta goye shi ta tsaya tana kallo ana fasa masa kunne a kan laifinta, kuna ganin alwala za ta riƙe shi? In ya kashe ni ban ce ya zalunce ni ba, amma shi zai tafi gidan yari, yaran su shiga uku. In bai kashe ni ba, wa ya san ko igiyar za ta dawo gidan? Ga yayyen Rabi, ga bakin gari, ga shi ba ni da wani gidan da ya wuce wannan. Wani lokaci kuma sai na ce wa kaina, wataƙila Sale ya riga ya iya riƙe kansa, ba ya bukatar ƙaryata, ni ce nake fakewa da shi don na tsira. Shaiɗan kuma yana raɗa min na yi shiru na karɓe ta, na riƙe ta da alheri har ta manta, ai sau ɗaya ne, ai yunwa ce, ai ba halina ba ne.

Da wannan raɗar nake lallaɓa kaina har shekaranjiya da hantsi. Ina ɗura mai a kwalabe, na ce Jummai ta riƙe min mazurari. Hannun ya gaza, mazurarin ya goce, mai ya zuba, bai fi cikin ludayi ba. Wallahi ban yi niyya ba, amma na ji abin nan ya taso min daga ciki irin na ranar, kafin na farga yatsuna sun riga sun kama muciya. Jummai ba ta gudu ba, don ba ta da ɗakin da za ta gudu. Ta ɓoye hannun daman a bayanta, ta miƙo min na hagu, ta runtse ido ta ce, “Gwaggo, ga wannan, wancan bai gama warkewa ba.”

Na jefar da muciyar na fita bayan gida na yi ta amai. Wannan ce yarinyar da za a damƙa min har abada ranar zaman nan, ubanta na murna, mai unguwa na sa albarka. Na fara faɗa wa Malama Saratu ita kaɗai ne, ta san yadda za ta tare Sale? Ko na durƙusa a gabansa na faɗa masa da bakina, abin da zai faru ya faru? Ko na ƙi karɓarta kawai, na bar ƙanena ya mutu yana neman gafarar abin da bai yi ba? Masu ilimi da iyaye mata da ke shafin nan, ku dubi Allah ku dubi Jummai, kar ku dube ni. Me zan yi?